Kundin Sabon Tsari a Injin Casarmu na Jega

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau aka kafa na'urar dangwale a bakin ƙofa, wadda kowa zai ɗora wa yatsa ta rubuta lokacin shigarsa aiki da na tashinsa. Ni aka ɗora wa kula da ita da duk sauran abin da ake kira sabon tsari, saboda ni ne akawun gidan nan shekara goma sha ɗaya, kuma hannuna ya saba da kwamfuta. Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa ajiye abin da ya gudana da zafinsa, kada wata rana a ce ba haka aka yi ba.

Injin casar shinkafa ne matsakaici a gefen garin Jega. Mu arba'in da biyu ne masu albashin wata, ban da 'yan dako da matan da ke sheƙa da tsince, waɗanda ake sallama kullum da yamma. Alhaji, mai gidan, da ƙaramin inji ɗaya ya fara, a rumfar kwano. Ya faɗaɗa ne bayan 2015, shekarar da aka ƙaddamar da shirin Babban Banki na bai wa manoman shinkafa bashi a Birnin Kebbi, fadamun Suru da Bunza da Argungu suka cika da noman rani. Yanzu ciwon ƙafa ya zaunar da shi gida, ya miƙa ragama ga ɗansa, wanda ya yi karatu mai zurfi ya kuma yi aiki a wani kamfani a Legas.

Manaja ba don son mulki ya zo da wannan abu ba, gara in faɗa tun yanzu. Yana neman rancen banki don sayen injin da ke ware tsakuwa da baƙar ƙwaya, su kuma banki sun ce sai sun ga lissafi a rubuce: wa ke aiki, awa nawa, nawa ake biyansa, buhu nawa ya shiga, nawa ya fita. Mu kuwa rabin lissafinmu a kan Alhaji yake.

Takardar da aka liƙa a bango da Turanci take. Shiga takwas, tashi biyar. Albashi ta banki. Mai son fita ya cike takarda kwana biyu kafin ranar. Babu bashi, babu rance. Mai rashin lafiya ya kawo shaidar asibiti. Na karanta musu da Hausa bayan azahar. Babu wanda ya ce uffan, sai Sarkin dako da ya ce, “Allah shi sa albarka.” Na san irin wannan shiru.

Alhamis, 23 ga Janairu

Mutum goma sha ɗaya na'urar ta ƙi gane yatsunsu, kuma duk masu aikin tukunyar turara ne da masu juya shanshera a dandamalin shanya. Buntu yana cin fatar hannu kamar sandfefa, ruwan zafi ya ƙarasa, ga hunturu ya tsattsage abin da ya rage. Zanen yatsan ya shafe. Da safe sai ka ga layin dattawa, wannan yana lasar yatsa, wancan yana shafa man kaɗanya, na'urar tana ta ƙara tana cewa a sake.

Baba mai tukunya ya fi minti ashirin a tsaye yau. Shi ne ya kunna wutar farko a gidan nan, kuma a kafaɗarsa Manaja ya yi wasa yana yaro. Da ya gaji ya juyo ya ce mini, “Malam, shekara ashirin ƙofar ga ta san ni. Yau kuma sai na roƙe ta?” Na shigar da sunansa da hannu, na kasa kallon fuskarsa.

Akwai kuma abin da takardar ba ta sani ba. Aikinmu wuta yake bi, ba agogo ba. In NEPA ta kawo wuta ƙarfe ɗayan dare, yaran inji da ke kwana kusa sukan taso su yi casa har asuba, don kowace awa da aka yi da wutar gwamnati ta rage mana kuɗin gas na janareta. Wannan makon sau biyu wuta ta kwana, inji yana kashe. Da safe muka tayar da janareta.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Albashin farko ta banki. Mutum ashirin da tara sun ga alat jiya. Na sauran ya maƙale: wani sunan da ke katin ɗan ƙasarsa ya bambanta da na asusunsa, wani lambar matar ƙanensa ya kawo. 'Yan ci-rani huɗu da ke zuwa mana daga Gaya da Dosso na ƙasar Nijar ba su da asusu a ƙasar nan sam. Waɗanda suka samu ma sai da suka bar wani abu a hannun mai POS, kuma har yanzu mutane ba su manta wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ba, lokacin da mutum ke da kuɗi a waya gidansa ba a ɗora tukunya ba.

Amma tsarin ya tono abin da ya kamata a tono. Sunaye biyu a littafina na mutanen da suka bar aiki tun bara ne, ana kuma karɓar kuɗinsu duk wata a madadinsu. Ni nake ƙirga kuɗin in sa a ambulan, ban taɓa tambaya ba. Wannan sakacina ne, na kuma faɗa wa Manaja haka. Ya kuma ɗaga albashin na ƙasa zuwa naira 70,000, yadda dokar Yulin 2024 ta tanada. Yara bakwai abin ya shafa, sun yi murna sosai.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ranar Litinin da hantsi aka aiko cewa mahaifiyar ɗaya daga cikin masu ɗinkin buhu ta rasu, za a yi jana'iza bayan azahar a ƙauyensu. Yadda aka saba, Alhaji da kansa yake cewa a kashe inji, a cika motar ɗaukar kaya da mutane, a ɗora buhu ɗaya na tsaba don masu zaman makoki. Ba a taɓa rubuta wannan a ko'ina ba, ba a kuma taɓa fashinsa ba.

Manaja yana Birnin Kebbi wurin banki. Na kira shi, ya ce mai rasuwar ya tafi, a zaɓi mutum uku su wakilci gida, saura su ci gaba, don akwai motar Sakkwato da ke jiran lodi. Na isar da saƙo. Sarkin dako ya saurare ni har na gama, ya ce, “To Malam, wa za ka zaɓa, wa za ka bari? Tsohuwar ga ita ka aiko muna da hura duk azumi.” Kafin a kira salla mutum ashirin da shida sun fita. Na bi su. Ban ga yadda zan zauna gadin na'ura ana sallar gawa ba.

Mun dawo wajen la'asar sakaliya, aka yi lodin motar Sakkwato har bayan isha'i, babu wanda ya nemi ko sisi a kai. Jiya da safe sai ga sunayenmu ashirin da bakwai a allon sanarwa, da jan biro, an rubuta za a yanke mana rabin yini.

Yankan kuɗin bai dami mutane kamar allon ba. A nan, in babba ya yi kuskure, kiransa ake yi gefe, ko a aika masa wanda yake jin nauyinsa. Alhaji in zai yi wa mutum faɗa, sai ya ce ya raka shi duba sito, su biyu kawai, su fito ana dariya. Liƙa sunan mai furfura a bango, inda yaran da ya koya wa aiki za su tsaya su karanta, cin fuska ne, ko da wanda ya liƙa bai nufi haka ba.

Na shiga ofis na ce, “Yallaɓai, takardar kwana biyu ba za ta yi aiki a kan mutuwa ba. Da safe ake rasuwa, kafin la'asar an rufe.” Ya ce ya sani, shi ma Musulmi ne, amma in kowace rasuwa a ƙasar Jega za ta tsayar da inji, yaushe za a biya banki? Tambayarsa tana da nauyi, don akwai watan da muka fita jana'iza sau biyar. Ya yarda a cire allon. Yankan kuwa ya ce yana nan.

Litinin, 10 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, zafi kuma ya sauka. Shekara da shekaru, in azumi ya zo aikin tukunya dare yake komawa: a fara bayan asham, a tashi gab da sahur, rana kuma a bar wa masu shanya da masu lissafi. Bana aka ce takwas zuwa biyar tana nan, wai kada a rikita lissafin na'ura.

Mako guda aka yi a haka. Duk wanda bai taɓa tsayawa gaban tukunyar turara da rana tsaka ba, buntu yana ci a ƙasa, tururi yana dukan fuska, ga baki a bushe, ba zai gane abin da aka nema daga mutanen nan ba. Ranar Asabar wani yaro ya yanke jiki ya faɗi kusa da bakin wuta, Allah ya kiyaye bai ƙone ba.

Jiya na zauna da littafin kamfanin da ya sayar mana da na'urar, na gano tana karɓar zubin aiki fiye da ɗaya, har da na dare. Ashe ba ita ta hana ba, mu ne ba mu tambaye ta ba. Na nuna wa Manaja, ya yi shiru, ya ce a mayar da tukunya dare daga yau. Wannan ne karo na farko da aka lanƙwasa tsarin ya bi aikin.

Alhamis, 27 ga Maris

Saura kwana kaɗan salla. Babu shinkafar salla bana, babu turmin atamfa na iyali. A sabon lissafi an sa su a layin asara. Wani mai gadi ya tambaye ni ko an manta ne. Na ce ba a manta ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Shinkafar rani ta fara shigowa, kuma a nan ina bayan Manaja ɗari bisa ɗari. Mun daina sayen shanshera da buhu, sai da sikeli, kuma kowace mota sai an soka mata na'urar auna danshi. Dillalai sun yi ta hayaniya, don buhu ba shi da gaskiya ɗaya: wani a danna shi har ya yi kunne, wani a sassauta, wani a zuba masa ƙasa a tsakiya. Shanshera in danshinta ya haura kashi 14 cikin ɗari ba ta ajiyuwa, tana zafi a sito ta yi fumfuna, kuma ruwa ka saya da kuɗin shinkafa. A mako biyu mun mayar da mota uku. Manoman da ke kawo nasu da kansu sun fi kowa jin daɗi, don sikeli bai san wanda ya iya baki ba.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda aka yi da Baba mai tukunya. Shi yake karɓar kaya tun fil azal. Zai ɗebi ƙwaya ya ciza, ya ce wagga ta yi, wagga sai ta ƙara kwana ɗaya a rana. An ɗauko yaro mai difloma an ba shi na'urar, an kuma rubuta sunansa a saman na Baba a jadawalin muƙamai. Na yi kwana uku ina gwada su a ɓoye: abin da Baba ya faɗa da haƙori, da abin da na'ura ta nuna. Cikin mota goma sha huɗu, sau ɗaya suka saɓa. Da an damƙa wa Baba na'urar, an ce yaron ya riƙa rubuta masa, da an samu lissafin da banki ke so, an kuma bar dattijo da girmansa. Yanzu ya daina zuwa bakin sikeli. In an tambaye shi sai ya ce, “Ku tambayi mai na'ura.”

Alhamis, 8 ga Mayu

Buhu ya zame daga kan mota ya karya wa wani mai lodi ƙafa. 'Yan'uwansa ba su tsaya shawara ba, Aliero suka wuce da shi wurin masu ɗori, kamar yadda mutanen ƙasar nan da na nesa suke yi tun kaka da kakanni. Mai ɗori ba ya ba da takarda mai hatimi. A tsarinmu kuwa, in babu shaidar asibiti, fashi ne.

Ni da kaina na fi son a fara ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, na kuma faɗa wa yayansa haka. Amma a cikin gidan nan ya karye, a gaban mutum goma, yana ɗauke da buhunmu. Wace shaida ta wuce wannan? Na rubuta masa hutun jinya da hannuna, na sa hannu a matsayin shaida. Manaja ya gani, bai ce komai ba, bai kuma soke ba.

Asabar, 31 ga Mayu

Daren Laraba hadari ya taso daga gabas wajen ƙarfe biyu. Muna da turarriyar shinkafa ta fi buhu ɗari a baje a dandamali. Mai gadi bai kira kowa ba, iska ce ta tashe su. Kafin in iso da fitila, mutum sun fi ashirin suna ta tarawa da shebur da tsintsiya, wasu na jan tamfol, har da waɗanda aka yanke wa kuɗi a Fabrairu, har da Baba da rawaninsa a jiƙe. Ruwa ya sauko muna kan rufe tarin ƙarshe. Buhu shida kawai suka jiƙe. Aka watse ana kiran assalatu.

Babu wanda ya dangwala a daren, don babu wanda ya tuna da wata na'ura. Da safe yawancinsu sai tara da rabi suka iso. Jiya na fitar da takardar albashi, kwamfuta ta yanke wa mutum goma sha tara kuɗin makara, ita kaɗai, yadda aka saita ta. Ni na buga takardar, ni na aika banki, ban duba ba sai da alat ya shiga. Ina cikin dandamalin nan a daren, na ga komai da idona, amma na bar lissafi ya wuce ta hannuna.

Yau Sarkin dako ya zo ofishina, ya zauna, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, “Malam, ba kuɗin ba. Mu dai a hwaɗa muna: aikin da na'ura ta gani shi kaɗai a aiki? In haka ne mu sani.” Na ba shi haƙuri, na ce laifina ne, za a mayar. Ya ce ya ji, amma ba amsar tambayarsa ke nan ba.

Na rubuta wa Manaja takarda shafi biyu a daren nan. Na ce dokokinmu sun lissafa duk abin da ma'aikaci zai yi wa gida, babu layi ɗaya na abin da gida zai yi masa. A da, casar dare da taron ruwa da lodin bayan isha'i su ne ake biya da motar jana'iza da shinkafar salla da bashin damina. Mun soke ɓangare ɗaya muna sa ran ɗayan zai ci gaba da zuwa kyauta.

Litinin, 16 ga Yuni

An mayar da kuɗin makara kafin babbar salla. Amma damina ta zauna, kuma kusan kowa a nan manomi ne. Da Alhaji kan ba da bashin taki da iri a farkon Yuni, a riƙa cira kaɗan-kaɗan har kaka, wasu ma da shanshera suke biya. Bana babu. Mutum takwas sun ajiye aiki sun koma gona, biyu a cikinsu masu gyaran inji ne da ba a samun irinsu a kasuwa. Baba ya ce zai je ya duba gonarsa ta gero, yau kwana tara.

Daren Juma'a an sake yin ruwa. Mutum biyar suka fito. Buhu talatin da ɗaya sun jiƙe, tun shekaranjiya muke shanya, kuma na san rabinsu karyayya za su ba mu a casa. Ban ji haushin waɗanda ba su zo ba. Manaja ya tsaya a bakin dandamali ya daɗe, sannan ya ce in kawo masa takardar nan tawa ya sake karantawa.

Asabar, 5 ga Yuli

Ranar Talata muka je gidan Alhaji, ni da Manaja da Sarkin dako. Alhaji bai goyi bayan kowa ba. Ya sa aka ɗauko masa wani tsohon littafi mai baƙin bango daga ƙarƙashin gado, duk da ajami: wa ya karɓi bashin taki, wa aka kai wa gudummawar suna, wa aka biya wa ɗori. Shekara goma sha ɗaya ina akawu ban san da shi ba. Manaja ya riƙe littafin yana juyawa, ya ce, “Baba, ai wannan shi banki ke nema.” Alhaji ya ce ba wanda ya tambaye shi.

Ga inda aka tsaya zuwa yau. Sikeli da na'urar danshi da albashin banki suna nan, sai 'yan ci-rani da za a riƙa biya a hannu su sa hannu a littafi. Bashin damina ya dawo, a rubuce, da iyaka, kuma ba ruwa a kansa. Aikin dare da taron ruwa, Sarkin dako ne zai kawo sunaye da safe in shigar, wanda ya kwana a aiki kuma ba shi da makara. Masu shafaffen yatsa an yi musu kati. Allon suna an cire shi gaba ɗaya.

Jana'iza ce ba a daidaita ba. Manaja yana so a kasa mutane gida biyu, in rasuwa ba ta iyaye ko mata ko 'ya'yan ma'aikaci ba ce, rabi su je rabi su riƙe inji. Sarkin dako ya ce ba zai amsa shi kaɗai ba, sai ya zauna da mutanensa bayan sallar Juma'a mai zuwa. Shinkafar salla ma Manaja ya ce sai ya ga yadda kasuwa ta kaya, don farashin tsaba ya faɗi bana, ribar ta yi ƙasa.

Ina kan rubuta sabuwar takardar da Hausa, boko a sama ajami a ƙasa, shafi ɗaya haƙƙin gida, shafi ɗaya haƙƙin ma'aikaci. Jami'an banki za su zo duba littattafai a ƙarshen wata, kuma lissafin Fabrairu da Mayu yana buƙatar gyara kafin nan. Cikin takwas ɗin da suka tafi, uku sun aiko cewa za su dawo bayan noman farko.

Baba bai dawo ba. Manaja ya ce in kira shi a waya, na ce ba mutumin waya ba ne, zuwa ake yi. Gobe bayan la'asar za mu tafi ƙauyensu tare, shi zai tuƙa. Na sa na'urar danshi ta biyu a cikin motar, wadda aka sayo makon jiya, har yanzu tana cikin kwalinta.